Ina Takardar Bashin Ta Shiga? Ɗalibi da Aikin Gefe a Wasannin Barkwancin Amurka

Duk wanda ya daɗe yana kallon wasannin barkwancin talabijin na Amurka, waɗanda su suke kira sitkom, musamman masu labarin 'yan jami'a, ya san wannan fitowar tun kafin ta ƙare. Takarda ce za ta zo daga ofishin kuɗi na makaranta, ko kuma uba ya bugo waya ya ce daga yau ya rufe aljihunsa. Yarinya ta zauna bakin gado ta rafka tagumi. Washegari sai ga ta a shagon gahawa na cikin makaranta, an ɗaura mata ƙyallen aiki a ƙugu, an kifa mata wata hula da ta fi kanta girma. Ta kifar da madara, ta ba wani canjin da ya fi kuɗin da ya bayar, injin gahawa ya fesa mata tururi a fuska, 'yan kallo su tuntsire da dariya. Can sai wanda take so ya shigo da abokansa, ta duƙe a bayan kanta don kada ya gan ta. Kafin minti 22 su cika, wani dattijo da ya tsufa a wurin zai same ta a bayan kicin tana share hawaye, ya faɗa mata magana biyu ko uku masu shiga jiki. Ta miƙe ta gyara zaman hularta. Ana dawowa daga talla, har ta iya zana fure a saman kumfar madara.

Takardar bashin fa? Ba wanda ya sake tayar da zancenta.

Wannan ɓacewar takarda ita ce ta daɗe tana ba ni mamaki. Kuɗi ne suka kai ɗalibar wurin aikin, amma abin da ta fito da shi a ƙarshen labari tarbiyya ce: ta koyi haƙuri, ta daina raina mutane, ta gane ko ita wace ce. An fara da matsalar aljihu, an rufe da gyaran hali, kuma an yi sauyin cikin gwaninta har mai kallo bai lura an yi masa musaya ba.

Akwai dalilin sana'a a ciki, wanda ba ruwansa da wata aƙida. Sitkom wasa ne mai tsananin tattali. Yawanci ɗakuna uku ko huɗu ake ginawa a cikin situdiyo, a yi ta amfani da su shekara da shekaru. Marubuci yana bukatar wuri ɗaya da kowa zai iya faɗowa ba tare da an tambaye shi me ya kawo shi ba, kuma a jami'a ba inda ya kai wurin cin abinci. To idan ɗaya daga cikin taurarin yana aiki a nan, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: kullum yana wurin, kuma yana da abin yi da hannunsa yayin da ake hira. Shi ya sa za ka ga tsumma a hannunsa yana goge teburin da babu ko ƙura a kai. A Saved by the Bell: The College Years, wanda ya yi zango ɗaya kacal daga 1993 zuwa 1994, Slater, ɗaya daga cikin taurarin, a ɗakin cin abinci yake aiki. A Felicity, da tashar WB ta nuna daga 1998 zuwa 2002, tauraruwar tana aiki a kantin Dean & DeLuca ƙarƙashin manajanta Javier, wanda ya fi kama da ƙawar sirri fiye da ubangida, ko da yake shi wannan shirin ya fi karkata ga soyayya da hawaye. Ko'ina ka duba, wurin aikin majalisa ce da aka saka wa rigar aiki.

Kuma akwai abin da kamara ba za ta iya ba. Ainihin aikin gefe maimaici ne: awa huɗu a tsaye, faranti bayan faranti, ƙafa na zugi. Ba mai zama ya kalli wannan. Dole a yanke shi a bar mintoci biyun da wani abu ya faru. Idan aka yi ta yanke gajiya ana barin hira, bayan shekaru sai a wayi gari da hoton aikin da ba ya gajiyarwa.

Amma tattalin situdiyo kaɗai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa darasin kullum iri ɗaya ne ba. Wannan sai an koma baya, zuwa labarin da Amurkawa suka daɗe suna ba kansu game da karatu da gumi. Mafi shahara shi ne na Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a Virginia. A 1872 ya isa makarantar Hampton, wadda aka kafa don 'yantattun bayi, yana ɗan shekara 16 ko kusa da haka, duƙun-duƙun, aljihu wayam. Shugabar malamai, Mary Mackie, ta ƙare masa kallo ba ta ce ta ɗauke shi ba, ba ta ce ta kore shi ba. Da aka jima sai ta miƙa masa tsintsiya ta nuna masa wani aji. A littafin tarihin rayuwarsa na 1901 ya ce sau uku ya share ɗakin, sau huɗu ya bi shi da tsumma, ya janye kowace kujera ya bi lungu-lungu. Malamar ta dawo ta zaro hankici ta goga a jikin katako da benci, ba ta sami ko ɗigon ƙura ba. Jarrabawar shigarsa ke nan. Aka ba shi aikin shara da hura wuta, da shi yake biyan kuɗin ci da kwana. Da ya kafa makarantar Tuskegee a Alabama a 1881, ɗalibansa da hannunsu suka riƙa buga tubalin da aka gina azuzuwansu.

Yara da yawa a Amurka sun tashi da wannan labarin ko irinsa, kuma har yau akwai makarantun da ke tafiya a kan wannan turba. A kwalejin Berea ta jihar Kentucky ba a karɓar kuɗin karatu, amma kowane ɗalibi sai ya yi aƙalla awa 10 na aiki a mako. Sai dai akwai wani ɓangare na labarin Washington da ba a cika maimaitawa ba, alhali shi da kansa ya rubuta. Sharar ba ta biya kuɗin karatunsa ba. Dala 70 ne a shekara, kuma wani mai hali daga jihar Massachusetts ne ya ɗauki nauyin biya, bayan shugaban makarantar ya roƙa masa. Tsintsiyar ce ta yi suna, ita kuwa dala 70 ɗin aka bar ta a layi ɗaya cikin littafi. Sitkom ya gaji labarin tare da wannan mantuwar. Tun a 1903 W. E. B. Du Bois, wani masani baƙar fata, ya soki hanyar Washington, yana ganin ana koya wa baƙar fata gamsuwa da aikin hannu a lokacin da ya kamata su nemi ƙuri'a da ilimi mai zurfi, kuma wannan muhawara ba ta mutu ba.

Shirin da ya fi kowanne riƙe wannan gado da mutunci, a ganina, shi ne A Different World, da NBC ta nuna daga 1987 zuwa 1993. Labarin kwalejin Hillman ne, makarantar baƙar fata ta ƙirƙira da aka ajiye a Virginia, jihar da Hampton take. Zangon farko lami ne. Daga 1988 Debbie Allen, wadda ta yi karatu a jami'ar Howard, ta karɓi ragama, ta sa shirin ya yi ƙamshin ainihin irin waɗannan makarantu. A lokacin ne Mista Gaines, wanda Lou Myers ya fito a matsayinsa, ya bayyana a matsayin mai kula da wurin cin abinci da ake kira The Pit: tsoho mai faɗa, mai ƙorafi, wanda kowane zance sai ya jawo wani labarin zamanin da. A ƙarƙashinsa Kim Reese take aiki, 'yar ɗan sanda mai burin zama likita. Abin da ya bambanta Kim da sauran shi ne aikinta bai ƙare a fitowa ɗaya ba. Zango bayan zango tana nan da rigar aiki, littafi a gefen kanta. A 1990 ma aka saka ta a tsaka mai wuya: kamfanin da zai ba ta tallafin karatu yana da jari a Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, ga ɗalibai suna neman a ƙaurace masa. A nan takardar bashin ba ta ɓace ba. An ɗora ta a kan tebur, aka bar yarinya tsakanin cikinta da aƙidarta, ƙawayenta masu iyaye da hali suna ba ta shawarar da ba su za su biya farashinta ba.

To amma ko a lokacin Kim, lissafin yana da sauƙi idan aka gwada da na yau. A 1987 mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 3.35 ne a awa, kuɗin karatu na shekara a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha kuma yana wajen dala 1,500. Awa 450 ke nan. Ɗalibi ya ɗaure ya yi aikin awa 40 a mako a dogon hutu na mako 12, ya haɗa kuɗin. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 matsakaicin kuɗin ya kai dala 11,260, shi kuwa mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan daskare a dala 7.25 tun Yulin 2009. Sama da awa 1,500, wato kusan mako 39 na cikakken aiki, kuma ba a yi maganar ɗaki da abinci da littattafai ba. Gaskiya ne jihohi da yawa sun ɗaga nasu albashin, Kalifoniya ta kai dala 16 a 2024, kuma ɗalibai da dama suna samun rangwame. Duk da haka, ko a dala 15 sai an yi awa 750. Giɓin da ya rage bashi ne ke cike shi, shi ya sa bashin karatu a Amurka ya haura dala tiriliyan 1.7, a wuyan mutane sama da miliyan 40.

Shi kansa aikin cikin makaranta da wasannin suka fi so, ba kowa ke samu ba. Wani ɓangarensa yana zuwa ne ta wani shirin gwamnatin tarayya na aiki da karatu, wanda aka kafa a 1964 cikin yaƙin da Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar da talauci. Gwamnati ce ke biyan kaso mafi tsoka na albashin, makaranta ta cika. Ana kashe masa abin da ya ɗan haura dala biliyan 1 a shekara, masu cin moriyarsa ba su kai miliyan 1 ba a cikin ɗalibai sama da miliyan 15, kuma abin da mutum ke samu a shekara yana wajen dala 2,000. Alhali alƙaluman ma'aikatar ilimi na 2020 sun nuna kusan kashi 40 cikin 100 na masu cikakken karatu suna aiki, masu karatun rabi-rabi kuwa kusan kashi 74. Galibinsu ba a shagon gahawa mai kujerun laushi suke ba. Suna manyan kantuna, suna rumbunan ajiyar kaya, suna kai abinci gida-gida da dare, suna jinyar tsofaffi. Kusan ɗaya cikin biyar na ɗaliban digirin farko yana da ɗa ko 'ya a gida. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa aiki kaɗan a cikin makaranta ba ya cutar da karatu, wani lokaci ma yana taimako, amma da zarar ya haura awa 15 zuwa 20 a mako sai maki ya fara zubewa. Wanda ke haura wannan iyakar kuwa ɗan talaka ne, don shi ba zaɓi gare shi ba. 'Yan ƙasashenmu da ke karatu can da bizar ɗalibi suna da tasu iyakar: doka ba ta yarda su wuce awa 20 a mako ba lokacin da ake zangon karatu, kuma a cikin makaranta. Wanda ya tafi da tunanin zai riƙe kansa da wankin faranti kamar yadda ya gani a talabijin, lissafin can sama ne zai tarbe shi a filin jirgi.

Marubutan wasannin ba a wata duniyar suke ba, kuma da tsadar ta yi tsada sai labaran suka fara canza launi. Community na Dan Harmon, wanda ya fara a 2009 ana tsakiyar karayar tattalin arziki, ya bar manyan jami'o'i ya koma ƙaramar kwalejin unguwa mai suna Greendale, inda ɗaliban su ne waɗanda rayuwa ta riga ta wujijjiga: lauyan da aka kama da digirin bogi, uwar 'ya'ya da aurenta ya mutu, tsohon ɗan ƙwallo da ya rasa tallafin karatu. Wannan shiri ba'a yake yi wa labarin gano kai ta hanyar aiki. Troy, tsohon ɗan ƙwallon nan, yana da baiwar gyaran famfo da na'urar sanyaya ɗaki, sana'ar da za ta ciyar da shi har tsufa, amma gudunta yake yi, masu sana'ar suna bin sa kamar 'yan ƙungiyar asiri. Abed kuwa mahaifinsa Bafalasɗine ne mai shagon falafel, wani soyayyen abu ɗan uwan ƙosai, ya sa shi makaranta don ya dawo ya riƙe shagon, shi kuma fim ne a ransa. Shirley, uwar 'ya'yan nan, ta yi ta fafutukar buɗe rumfar sanwic a ɗakin cin abinci, makarantar ta ɗauki wurin ta ba babban kamfanin sanwic na Subway. Dariya ake yi, amma wannan na ƙarshen ya fi hawayen da yawa kama da gaskiya.

Grown-ish, da aka fara a 2018, ya kawo wani sabon salo: aiki a matsayin suna. Zoey Johnson 'yar masu hali ce, burinta harkar ado da kwalliya, ta sami gurbin sanin makamar aiki a mujallar Teen Vogue. Irin wannan gurbi shi ne inda kalmar "ma'ana" ta fi yin ɓarna, don shekara da shekaru da ita ake biyan yara maimakon kuɗi: kana koyo, kana haɗuwa da manya, me kuma kake nema? Wanda iyayensa za su iya biya masa hayar ɗaki a New York shi ke iya karɓar wannan tayi. Abin dariyar shi ne masana'antar da ke shirya waɗannan wasanni ita ma ta sha miyar. A 2011 wasu masu koyon aiki biyu da suka yi wa kamfanin fina-finai na Fox Searchlight aiki kyauta suka kai shi kotu, kuma a 2013 kamfanin Condé Nast, mai Teen Vogue ɗin, ya rufe shirinsa na masu koyon aiki bayan an maka shi a kotu kan albashi. A cikin Grown-ish ɗin, ɗan da ba shi da gata irin na Zoey, Vivek, ƙwaya yake sayarwa a ɗakunan kwana don ya sa irin kayan da abokansa ke sawa.

Wanda ya fi kusa da riƙe takardar bashin har ƙarshe shi ne shirin da Mindy Kaling da Justin Noble suka yi wa HBO Max a 2021, wanda sunansa ba na faɗa a gaban surukai ba ne. 'Yan mata huɗu ne a ɗaki ɗaya a kwalejin Essex ta ƙirƙira a Vermont. Uku suna da hali, ɗaya ma 'yar sanata ce. Ta huɗun, Kimberly, daga Arizona, tana aiki a shagon gahawa mai suna Sips. Duk kayan tsohon labarin suna nan: abokan aiki masu baki, Canaan da Lila, da suke sauke mata girman kai, da kunyar haɗa wa 'yan ajinta abin sha. Amma da ta rasa tallafin karatunta a ƙarshen zangon farko saboda satar jarrabawa, marubutan ba su yi kamar ƙarin awoyi a Sips zai cike ramin ba. Ƙwayayen haihuwarta ta sayar. Duk abin da mutum zai ce game da wannan, an dai yarda a fili cewa gahawa ba ta biyan dubban daloli.

Ba na cikin masu cewa duk zancen ma'ana yaudara ce. Yaron da ya bar gida karon farko, ya faɗa cikin dubban baƙin fuskoki, idan akwai wuri ɗaya da za a lura in bai zo ba, inda wani zai ce "ina ka shige jiya?", wannan ba ƙaramin abu ba ne. A aji ana auna shi da maki, a wurin aiki ana bukatarsa. Wasannin sun kama wannan daidai. Kuskurensu shi ne suna jingina daɗin ga aikin, alhali daga mutanen yake fitowa. Mu nan ma mun san ɗalibin da ke zaman POS da yamma ko yake kan keken ɗinki ranar Asabar. Ka tambaye shi me yake samu, ba zai ce yana neman sanin kansa ba, zai ce rufin asiri. Wannan kalmar ta fi tasu cika, don ta haɗa mutuncin da kuɗin a wuri ɗaya ba ta yar da ko ɗaya ba.

Sai kuma tsohon nan na bayan kicin. Kowane shiri yana da nasa, kuma aikinsa a labarin ɗaya ne: ya zuba wa yaro hikima, yaron ya sa rigar yaye ɗalibai ya tafi. Abin da ya sa wankin faranti ya zama darasi ga ɗalibar shi ne ta san shekara huɗu za ta yi. Shi da zai yi talatin, ba a taɓa ware fitowa guda a tambaye shi nawa yake ɗauka, ko wa ke biya masa asibiti. Mista Gaines ya fi takwarorinsa sa'a, an ba shi mata da ɗa da tarihi, amma shi ma ɗalibai ne ke shigowa su fita yana nan tsaye. A zahiri da yawa daga cikin masu irin aikinsa ba ma makarantar ce ta ɗauke su ba, kamfanonin kwangila ne irin su Sodexo da Aramark suka ɗauke su, kuma da an tafi dogon hutu albashi ya tsaya.

A Oktoban 2016 ma'aikatan ɗakunan cin abinci na jami'ar Harvard, su kusan 750, waɗanda su jami'ar ce da kanta ta ɗauke su, suka ajiye ludayi suka shiga yajin aiki a makarantar da ta fi kowace kuɗi a duniya. Abin da suke nema bai wuce biyu ba: kada a ƙara musu kuɗin asibiti, kuma mai cikakken aiki ya samu aƙalla dala 35,000 a shekara. Kwana 22 aka yi, ɗaruruwan ɗalibai suka fice daga azuzuwa suka bi su zanga-zanga, wasu suka je suka zauna dirshan a ginin da ake tattaunawa, kafin jami'ar ta amince. A wannan shekarar dai, ɗaliban da ke aiki a ɗakin cin abinci na kwalejin Grinnell a jihar Iowa suka kafa tasu ƙungiyar ƙwadago, kuma da suka zauna da hukumar makaranta, babbar maganar da suka ɗora a tebur ita ce nawa za a riƙa biyan awa ɗaya.